Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Bayoloji: Ku Faɗa Wa Yara Abin Da Aka Aikata Da Sunan Darwin

Assalamu alaikum, malamanmu masu koyar da Bayoloji a makarantun sakandare da kwalejojin ilimi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo ɗaya ne ya sa na rubuto muku. Idan kun iso babin juyin halitta, wanda WAEC da NECO ke yawan tambaya a kansa, ku ware darasi guda ku ba yara labarin abin da aka yi wa bayin Allah da sunan wannan ka'ida. Na san aji ya cika maƙil, lokaci ya yi kaɗan, manhaja kuma tana jira a ƙarasa ta kafin jarabawa. Duk da haka ina ganin barin wannan darasi ya fi ƙara shi tsada.

Yadda aka saba koyar da babin sananne ne. A kawo Lamarck da wuyan raƙumin dawa, a kawo Darwin da tsuntsayen tsibiran Galapagos, sannan a rubuta a allo cewa mafi dacewa shi ke wanzuwa. Yaro ya kwafa, ya haddace, ya ci jarabawa. Amma abin da ya tafi da shi gida a zuciyarsa shi ne: mai ƙarfi ya ci, mara ƙarfi ya mutu, kuma kimiyya ce ta ce haka duniya take. Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. An taɓa gina dokoki a kanta, an gina asibitoci da kotuna da cibiyoyin bincike, kuma mutane dubbai ɗaruruwa sun rasa haihuwa ko rayukansu a dalilinta.

Jimlar nan da kuke rubutawa a allo ma ba Darwin ne ya fara faɗinta ba. Herbert Spencer ne a 1864, shekara biyar bayan fitowar littafin Darwin na 1859, sai Darwin ya aro ta ya saka a bugu na biyar a 1869. Shi kuwa Spencer tun 1851, kafin duniya ta ji ka'idar Darwin, yake rubuta cewa bai kamata gwamnati ta tallafa wa matalauta ba, ko ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu. Ke nan ra'ayin ya riga kimiyyar isowa. Masu hannu da shuni na Ingila da Amurka sun daɗe da yanke hukuncin cewa talaka shi ya jawo wa kansa talaucinsa. Da ka'idar Darwin ta zo, sai suka yafa ta kamar babbar riga a kan tsohon son zuciyarsu.

Wanda ya mayar da abin tsari shi ne Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, kakansu ɗaya. A 1869 ya bi zuriyar alƙalai da shugabanni da manyan marubutan Ingila, ya ga ɗaukaka tana yawo a cikin gidaje ƙalilan, sai ya ce basira gado ce. Ya raina tasirin abin da kowa ke gani, wato ɗan alƙali ya tashi cikin ƙoshi, ya shiga makaranta mai kyau, kuma abokan ubansa ne ke ba da aiki. A 1883 ya raɗa wa aƙidarsa suna yujeniks, wato gyaran irin ɗan Adam: a ƙarfafa wa "masu kyan iri" su hayayyafa, a hana "marasa kyau", kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari a garke. Game da mu 'yan Afirka bai ɓoye komai ba. A 1873 ya rubuta wa jaridar Times ta Landan cewa a kawo Sinawa su zauna a gabashin Afirka, da fatan su rinjayi baƙar fata har su maye gurbinsu.

Kada ku wanke Darwin tas don kuna koyar da ka'idarsa. Gaskiya ne ya tsani bauta tun da ya ga yadda ake azabtar da bayi a Brazil. Gaskiya ne kuma a littafinsa na 1871 ya yi hasashen cewa wata rana al'ummomin da ya kira wayayyu za su shafe waɗanda ya kira na jeji, ya kuma koka cewa kula da marasa lafiya yana ba raunana damar hayayyafa, ko da yake nan take ya ƙara da cewa daina taimakonsu zai lalata mafi darajar halin da ɗan Adam ke da shi. Ɗansa na cikinsa, Leonard Darwin, shi ya shugabanci babban taron duniya na farko kan gyaran iri a Landan a 1912. Yaran da ke gabanku za su iya riƙe gaskiya biyu a lokaci guda: mutum ya gano abu mai muhimmanci game da halittu, kuma yana ɗauke da ƙazantar tunanin zamaninsa game da mutane.

A Amurka aƙidar ta zama doka. Jihar Indiana ce ta fara a 1907, ta ba hukuma ikon kashe wa mutum haihuwa ko bai yarda ba. Jihohi fiye da 30 suka bi sahu, aka yi wa mutum sama da 60,000 wannan aiki, kusan 20,000 daga cikinsu a Kalifoniya kaɗai. Amma lamba ba ta shiga zuciyar yaro kamar labarin mutum ɗaya, don haka ku ba su labarin Carrie Buck.

Yarinya ce 'yar talakawa a jihar Virginia. An tsare mahaifiyarta a gidan da gwamnati ta ware wa masu farfaɗiya da waɗanda ake kira masu ƙarancin hankali, ita kuma wasu suka riƙe ta. Tana da shekara 17, wani ɗan'uwan mariƙan nata ya yi mata fyaɗe, ta samu ciki. Don su rufa wa gidansu asiri, sai suka ce ba ta da cikakken hankali, aka kai ta inda uwarta take. Shugabannin gidan suna neman wanda za su gwada sabuwar dokar jihar a kansa, sai suka zaɓe ta. Lauyan da aka ba ta tsohon ɗan hukumar gudanarwar gidan ne, abokin lauyan da ke ƙara da ita. "Masanin" da ya ba da shaida a rubuce cewa zuriyarta gurɓatacciya ce, Harry Laughlin, bai taɓa sa ta a ido ba. Jaririyar da ta haifa, Vivian, tana 'yar watanni wata ma'aikaciya ta dube ta ta ce kamar ba daidai take ba, aka karɓi wannan a matsayin hujja. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai takwas suka amince, ɗaya ya ƙi. Alƙali Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. A shekarar aka juya wa Carrie mahaifa. Ƙanwarta Doris ma an yi mata, aka ce da ita aikin afendis ne, ta yi aure ta yi ta neman haihuwa, sai da ta tsufa ta san abin da aka yi mata. Vivian kuwa ta shiga makaranta, sunanta ya fito a jerin ɗalibai masu ƙoƙari, ta rasu tana da shekara takwas. Gwamnan Virginia bai nemi gafara ba sai a 2002.

Ku lura da waɗanda abin ya fi faɗa wa: matalauta, marayu, mata, baƙar fata, baƙi. Da wuya a ji an kama ɗan attajiri an ce irinsa bai dace ba. A 1973 a jihar Alabama aka juya wa wasu 'yan mata biyu baƙar fata mahaifa, 'yar shekara 12 da 'yar shekara 14, bayan mahaifiyarsu da ba ta iya karatu ba ta sa alama a takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba.

Abin da ya sa ku na rubuto wa, ba 'yan majalisa ba, shi ne ta aji wannan aƙida ta bi ta shiga kawunan mutane. Littafin Bayoloji na George Hunter na 1914, wanda aka koyar da shi a makarantun sakandare na Amurka da dama, ya jera launukan mutane biyar ya ɗora Turawa a sama, ya kuma koya wa yara cewa wasu iyalai cima-zaune ne da ya kamata a hana su yaɗuwa. A Jamus ta Hitler har a darasin lissafi ake tambayar yara nawa gwamnati ke kashewa a kan mai taɓin hankali, da gida nawa za a gina da kuɗin. Malaman da suka rubuta waɗannan a allo ba mugaye ba ne dukkansu. Abin da ke cikin manhaja suka koyar, ba su tsaya tambaya ba.

Labarin Jamus kuwa yana da reshe a Afirka. Tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus suka yi wa ƙabilun Herero da Nama kisan ƙare dangi a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, aka kwashi ƙoƙunan kawunan matattu aka kai Berlin don a auna, a "tabbatar" da ƙasƙancinsu. A 1908 wani likita, Eugen Fischer, ya je ƙasar ya yi ta awon mutanen Rehoboth, waɗanda jikokin Turawa ne da matan Afirka. Wannan Fischer ɗin ne ya zama shugaban babbar cibiyar binciken gado da gyaran iri a Berlin a 1927. Da Hitler ya hau mulki a 1933, a watan Yulin shekarar aka kafa dokar kashe haihuwa, wadda ta ci mutum kusan 400,000. Laughlin, mai ba da shaida a kan Carrie Buck, Jami'ar Heidelberg ta karrama shi da digirin girmamawa a 1936. A 1937 aka tattara ɗaruruwan yara a yankin Rhine, waɗanda iyayensu maza sojojin mulkin mallakar Faransa ne, galibi daga Afirka, aka kashe musu haihuwa a asirce. Daga 1939 aka wuce hana haihuwa aka koma kisa: naƙasassu da masu taɓin hankali sama da 70,000 aka halaka da iskar gas kafin Agustan 1941, kuma ma'aikatan da suka ƙware a wannan aiki su aka tura sansanonin da aka kashe Yahudawa a Poland. Sai a 2011 aka fara mayar wa Namibiya ƙoƙunan kawunan kakanninta, sai a 2021 Jamus ta amsa cewa kisan ƙare dangi ta yi.

Faɗuwar Hitler ba ta kawo ƙarshen abin ba. Suwidin ta ci gaba da tata dokar kashe haihuwa har 1975, Japan har 1996, kuma a 2024 ne Kotun Ƙolin Japan ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Malamaina, ga inda aikinku ya fi na malamin tarihi. Shi zai iya cewa zalunci ne. Ku kuwa kuna da ikon nuna wa yara cewa ko a ma'aunin kimiyya ma kuskure ne, kuma kayan aikin suna cikin darasinku.

Ku ɗauki cutar felagara, wadda ta addabi talakawan kudancin Amurka, tana ɓata fata, tana kawo gudawa, tana taɓa hankali. Charles Davenport, jagoran masu gyaran iri a ƙasar, ya dage cewa akwai gado a cikinta, tunda a gidaje ɗaya ake ganinta. Likita Joseph Goldberger, daga 1914, ya nuna cewa abinci ne: mutane na rayuwa a kan masara kusan zalla, ba madara, ba nama, ba ƙwai. Da ya canza abincin gidajen marayu, cutar ta kau. Daga baya aka gano ƙarancin bitamin B3 ne. Abin da ke bin gida ba dole ne ya zama yana bin jini ba. Talauci ma yana bin gida, haka yunwa, haka rashin makaranta.

Ku ɗauki Reginald Punnett, mai akwatin nan mai gida huɗu da kuke zanawa a allo. A 1917 ya yi lissafi ya ga cewa idan hali na cikin ƙwayar gado mai ɓuya, hana waɗanda ya bayyana a jikinsu haihuwa zai ɗauki dubban shekaru kafin ya rage shi sosai, domin mafi yawan ƙwayoyin suna jikin lafiyayyun mutane ne. Abin takaici, wannan bai sa ya bar aƙidar ba. Cewa ya yi sai a nemo hanyar gano masu ɗauke da ƙwayar a ɓoye.

Wannan ya kawo mu gida, ga sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar a kowace shekara. Mai gyaran iri zai ce wannan mummunar ƙwaya ce, a kawar da ita. To me ya sa ta yi yawa a nan, ba ta yi yawa a Ingila ba? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga binciken da ya yi a gabashin Afirka: yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar da ke wahalar da mai SS ita ce ta ceci kakanninmu da yawa daga maleriya. Dacewar da ka'idar ke magana a kanta dacewa ce da wuri da lokaci, ba ta auna darajar kowa, ba ta kuma jera mutane daga sama zuwa ƙasa. Ban san misalin da ya fi wannan rusa aƙidar Galton ba, ga shi kuma yana zaune a kowane aji da kuke shiga.

Ku faɗa musu kuma cewa Linus Pauling, wanda ya gano a 1949 cewa matsalar sikila tana cikin sinadarin jan jini ne, wanda kuma ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya ba da shawara a 1968 cewa a yi wa masu ɗauke da ƙwayar zane a goshi don kada su so junansu. Ku faɗa musu makarantar horar da hafsoshin sojan saman Amurka ta ƙi ɗaukar masu AS har zuwa 1981. Ina goyon bayan gwajin jini kafin aure ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai ciwon ƙashi ba zai yi jayayya da shi ba. Jihar Kano ta mayar da gwajin doka a 2024. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin ba saurayi da budurwa ilimi su san abin da ke gabansu, da mayar da mai SS abin ƙyama wanda ake gani kamar kuskure ne zuwansa duniya. Idan kuna zana akwatin AS da AS a allo, kuna nuna gidan da SS ke faɗowa, ku tuna mai yiwuwa akwai yarinya a layi na uku da ke cikin wannan gidan, kuma duk ajin sun sani. Yadda kuka yi maganar shi zai nuna wa sauran yadda za su dube ta.

Akwai wani dalilin da ya sa nake jin tsoron a bar wannan babi ba tsokaci. Mu ma muna da namu tsohon ra'ayin da ke jiran rigar kimiyya. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muna binciken asali kafin aure, wani lokaci don sanin tarbiyya, wani lokaci kuwa don a tono cewa kakan wane bawa ne, ko gidansu mahauta ne, ko maroƙa. Muna kallon almajiri da ɗan ƙauye kamar an halicce su ne don wahala. Turawan mulkin mallaka sun zo sun ƙara mana da nasu awon: Gwamna Lugga ya rubuta cewa Fulani sun fi sauran ƙabilun ƙasar iya mulki, masana irin su Seligman kuma suka koyar da cewa duk wata wayewa da aka gani a Afirka wasu masu hasken fata ne suka shigo da ita daga waje. A Ruwanda 'yan Beljiyam sun rubuta irin wannan rabe-rabe a katin shaida, kowa kuma ya san kisan ƙare dangin da aka yi a can a 1994. Yaron da ya tashi yana jin zancen asali a gida, sannan ya ji a makaranta cewa mafi dacewa shi ke wanzuwa, shi da kansa zai haɗa biyun. Ku ne za ku iya raba masa su, ku gaya masa abin da Richard Lewontin ya nuna a 1972: kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gadon ɗan Adam yana tsakanin mutanen al'umma ɗaya ne, ba tsakanin wannan launi da wancan ba.

Na san wasunku za su ce ai ga hujja nan, a jefar da ka'idar baki ɗaya, dama zukatanmu ba su kwanta da ita ba. Maganar asalin Annabi Adamu, alaihis salam, na bar wa malaman addini. Amma sauyawar halittu bisa matsin muhalli abu ne da muke gani da idonmu. Shi ya sa kulorakwin ya daina aiki har Najeriya ta sauya maganin maleriya a 2005, shi ya sa ake gargaɗin kada a yanke shan maganin tarin fuka a tsakiya. Ɗalibin da zai zama likita ko malamin gona yana bukatar wannan ilimi. Kuma jefar da Darwin ba zai kare kowa daga wariya ba, domin an yi cinikin bayi ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi, da hujjar wai an la'anci zuriyar Ham, ɗan Annabi Nuhu. Azzalumi ba ya rasa hujja. Abin da mutanen zamaninsa suka fi girmamawa shi yake ɗauka. Kuskuren masu gyaran iri shi ne sun ɗauki bayanin yadda abu ke faruwa a daji suka mayar da shi umarnin yadda za a bi da mutane. Thomas Huxley, babban mai kare Darwin, ya faɗa a 1893 cewa ci gaban ɗabi'ar al'umma yana cikin yaƙar wannan kokawar ta daji ne, ba kwaikwayonta ba. Mu kuma muna da abin da ya riga shi: Allah Ya ce Ya karrama 'ya'yan Adam, ba tare da ware mai lafiya daga mara lafiya ba, Ya kuma ce a Suratul Hujurat Ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna.

Darasin da nake roƙo ba ya bukatar ɗakin gwaji ko sabon littafi. Ku ba su labarin Carrie Buck, ku tambaye su wace hujja kotu ta dogara da ita, kuma da su ne alƙalai me za su nemi a kawo musu. Ku ba su felagara, su nemo a unguwarsu wani abu da ake cewa gado ne alhali rashi ne ya kawo shi. Ku da ke kwalejojin ilimi, ku sa wannan a cikin horon ɗaliban da za su zama malamai gobe. Idan kuma kuna da wakilai a inda ake bitar manhaja, ku nemi a rubuta shi a cikin babin, don kada ya dogara ga sa'ar yaro ta samun malami mai kula.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa aikinku albarka.

Wassalam,
Wani uba mai 'ya'ya a ajinku.